Daga Ihu A Waya Zuwa Gaban Alƙali: Yadda Ƙungiyoyi Ke Ja Da Gwamnati A Kotu

Duk wanda ke da waya a hannu a watan Yunin 2021 zai tuna safiyar da ya buɗe Twitter ta ƙi buɗuwa. A ranar 4 ga watan ne Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da dandalin a Najeriya, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Washegari kamfanonin sadarwa suka toshe hanya. Ni a lokacin ban ma shiga jami'a ba, amma ina tuna yadda muka riƙa tura wa juna sunayen VPN, da yadda suke shanye cajin waya kafin azahar. Yayata kuwa, wadda ke tallar atamfa da turaren wuta a dandalin, ba wasa ba ne a wurinta. Kwastomominta na Legas da Fatakwal a can take samun su.

Mun yi surutu iya surutu. Mun koma Facebook da WhatsApp mun yi ta zagi da raha. Amma a cikin makon nan da muke wannan, wasu mutane sun zauna sun rubuta takarda sun kai kotu. Sai a bara, a darasin dokokin aikin jarida, na san abin da takardar nan ta haifar. Wallahi na ji kunya, don abin da ya fi shafata ne amma ban bi sawunsa ba.

Abin da ya faru a kotu

Ƙungiyar SERAP mai hedikwata a Legas, tare da 'yan Najeriya 176, ta maka gwamnatin tarayya a Kotun ECOWAS da ke Abuja kwanaki kaɗan bayan dakatarwar. Lauyansu shi ne Femi Falana. A lokacin, Antoni Janar Abubakar Malami ya riga ya ba da umarnin a gurfanar da masu kewaye dokar, hukumar NBC kuma ta ce gidajen rediyo da talabijin su daina amfani da dandalin. A ranar 22 ga Yuni, 2021 kotun ta ba da umarnin wucin gadi: kada a kama ko a hukunta kowa saboda amfani da Twitter har sai an gama shari'a.

Gwamnati ta ɗage takunkumin a ranar 13 ga Janairu, 2022, bayan kwana 222. Duk da haka kotu ba ta ajiye shari'ar ba. Ta haɗa ƙarar SERAP da wasu makamantanta, ciki har da ta ƙungiyar Media Rights Agenda, kuma a ranar 14 ga Yuli, 2022 ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. Ta ce an keta 'yancin faɗin albarkacin baki da ke sashe na 9 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, da sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin farar hula da siyasa. Ta kuma umarci gwamnati ta tabbatar ba a sake ba.

Wani zai ce ihu ne bayan hari, tunda an riga an buɗe dandalin wata shida kafin hukuncin. Ni ma haka na ce a aji. Malaminmu ya tambaye ni: idan gobe wata gwamnati ta rufe TikTok, da me lauya zai shiga kotu, da tarin zagin da kuka yi ko da wannan hukuncin? Na rasa ta cewa. Hasali ma, shi kansa hukuncin Twitter ya samu hanya a share ne, domin a watan Yunin 2020 wannan kotun ta riga ta ce katse intanet da Togo ta yi lokacin zanga-zangar 2017 ya saɓa wa doka. Ƙungiyoyin Togo ne da reshen Amnesty International na ƙasar suka kai waccan ƙarar.

Wannan shi ake kira ƙara don maslahar al'umma. Mai ƙara ba kansa kaɗai yake nema wa haƙƙi ba. Yana son kotu ta faɗi matsayin doka a kan wani mataki na hukuma da ya shafi jama'a da yawa, musamman waɗanda ba su da kuɗin lauya ko suke tsoron fitowa.

"Ina ruwanka?"

Tambayar farko da lauyan gwamnati ke jefa wa irin wannan ƙara ita ce: me aka yi maka kai? Lauyoyi na kiran wannan hurumin shigar da ƙara, kuma ya daɗe yana kashe shari'o'i tun kafin a taɓa gundarin magana. A 1981 Sanata Abraham Adesanya ya ƙalubalanci naɗin da Shugaba Shehu Shagari ya yi wa shugaban hukumar zaɓe ta FEDECO. Kotun Ƙoli ta ce ba shi da hurumi, don bai nuna wani haƙƙinsa na ƙashin kansa da aka taɓa ba. Shekara da shekaru ana kafa hujja da wannan hukunci ana korar masu ƙara.

Ƙofa ta fara buɗuwa ne ta dalilin wani ɗan jarida. A ranar 19 ga Oktoba, 1986 aka kashe Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bom ɗin da aka aika masa cikin ambulan. Lauyansa Gani Fawehinmi ya nemi a ba shi damar gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu da kansa. Aka ce ba shi da hurumi, ya je har Kotun Ƙoli, a 1987 ta ce yana da shi. Har yau ba a hukunta kowa kan kisan ba, amma hukuncin ya zauna.

Babban sauyi ya zo a 2009, lokacin da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar da sababbin ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam a kotu. Ƙa'idojin sun umarci kotuna su yi maraba da ƙara don maslahar al'umma, sun ce kada a kori ƙarar haƙƙin ɗan Adam saboda rashin hurumi, sun kuma ba ƙungiyoyi da masu fafutuka damar shigar da ƙara a madadin wani. Sannan a 2018 Kotun Ƙoli ta ba ƙungiyar Centre for Oil Pollution Watch damar ci gaba da ƙarar da ta kai NNPC kan malalar mai a wani yanki na jihar Abiya, bayan kotuna biyu na ƙasa sun kore ta da cewa ba ita man ya malala wa ba.

Ma'ana dai, a yau "ina ruwanka" ba ta da ƙarfin da take da shi a da, musamman in maganar haƙƙin ɗan Adam ce.

Wace kotu, wace doka?

Ba kowane abin haushi ne ake cin nasara a kansa a kotu ba. Alƙali ba ya tambayar ko matakin gwamnati ya yi wa jama'a daɗi. Abin da yake tambaya shi ne: wace doka ta ba hukumar ikon yin haka? Ta bi matakan da dokar ta shimfiɗa? Ta taka wani haƙƙi da kundin tsarin mulki ya kare?

Babi na 4 na kundin 1999 shi ne makamin farko. A nan ake samun haƙƙin rayuwa, da mutunci, da adalci wajen shari'a, da 'yancin addini, da na taro. Sashe na 39 shi ne namu, 'yancin faɗin ra'ayi da samun bayanai. Sashe na 46 ya ce wanda aka taɓa masa ɗaya daga cikin waɗannan, ko ake shirin taɓawa, ya je babbar kotu. Sai dai sashe na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita wasu daga cikinsu saboda tsaro ko zaman lafiya, in dai akwai doka kuma dokar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya. Yawancin fafatawar a wannan gaɓar ake yin ta.

Ilimi da lafiya da walwala kuwa suna babi na 2, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi kai tsaye. Amma lauyoyi sun samo hanya. A 2010 Kotun ECOWAS, a wata ƙarar SERAP da ta shafi kuɗin hukumar UBEC, ta ce ilimi haƙƙi ne da za a iya nema a gabanta. A 2017 kuma ƙungiyar LEDAP ta samu hukunci a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja cewa ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙi ne da kotu za ta iya tilastawa, tunda majalisa ta yi masa doka a 2004. Ka duba yawan yaran da ke yawo a titunanmu da safe, ka ga ko wannan hukuncin bai shafe mu ba.

Akwai kuma ƙarar da ke cewa hukuma ta wuce gona da iri. Misalin da ya fi burge mu ɗaliban jarida shi ne na NBC. A ranar 1 ga Maris, 2019 hukumar ta ci tarar gidajen rediyo da talabijin 45 naira 500,000 kowannensu. Media Rights Agenda ta kai ƙara, kuma a watan Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho ya soke tarar. Hujjarsa mai sauƙi ce: NBC ba kotu ba ce, ba za ta zama mai ƙara, mai bincike kuma alƙali a lokaci guda ba.

Ita Kotun ECOWAS tana da abubuwa biyu da ke jan hankalin ƙungiyoyi. Tun 2005 ɗaiɗaikun mutane na iya kai ƙarar keta haƙƙi gabanta, kuma ba sai ka gama zagaye kotunan ƙasarka ba. Hukuncinta kuma babu ɗaukaka ƙara a kansa.

Matar da ta kayar da ƙasa guda

In kana ganin wannan harka ce ta 'yan boko na Legas, ga labarin Hadijatou Mani daga jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, ta shafe kusan shekara 9 cikin bauta. Da ta samu 'yanci ta auri wanda take so, tsohon ubangidan nata ya ce matarsa ce, har aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria ta Nijar, da taimakon wasu ƙungiyoyin waje irin su Anti-Slavery International, ta tsaya mata har Kotun ECOWAS. A ranar 27 ga Oktoba, 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10, kuma gwamnatin ta biya.

Mace guda ce a takarda, amma hukuncin na duk wata mai irin halinta ne. Haka ƙungiyoyi ke yi: su nemo shari'a ɗaya mai ƙwarin hujja wadda za ta ɗauki nauyin sauran. Abin takaici, tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025, 'yan uwanmu na can ba su da tabbacin wannan ƙofar kamar da. A duk muhawarar da muka sha yi kan ficewar, ban ga mun tsaya kan wannan ba.

Matakan da ƙungiya ke bi

Na farko, rajista. Ƙungiyar da ke son yin ƙara da sunanta tana bukatar rajista da hukumar CAC a matsayin amintattu. Shi ya sa za ka ga sunan ƙarar na farawa da amintattun ƙungiya kaza. Zauren WhatsApp mai mutum 500 ba zai iya kai ƙara da sunansa ba, sai dai mambobinsa su shiga da sunayensu, kamar yadda mutum 176 ɗin nan suka yi.

Na biyu, hujja. Kotu ba ta san "kowa ya sani" ba. Tana son takardar sanarwar, da kwanan wata, da sunan hukumar da ta fitar, da mutumin da zai yi rantsuwa a rubuce ya ce ga abin da ya same ni. A nan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ke da amfani. Kowa na iya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, in ta ƙi kuma mai nema na da kwana 30 ya garzaya kotu.

Na uku, lokaci. Akwai dokar da ke kare jami'an gwamnati wadda a shari'o'i da dama take ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara. Wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an aika musu takardar sanar da aniyar ƙara tukuna. Shari'o'i masu kyau sun mutu a kan waɗannan ƙananan abubuwa, don haka ganin lauya da wuri ya fi komai.

Na huɗu, sanin abin da za a roƙa. Ana iya roƙon kotu ta bayyana cewa matakin haramtacce ne, ko ta soke shi, ko ta tilasta wa hukuma yin aikin da doka ta ɗora mata, ko ta biya diyya. In kuma ɓarna za ta auku kafin a gama shari'a, sai a nemi umarnin wucin gadi. A shari'ar Twitter, shi ne ya fara cire wa mutane tsoron kamu.

Na biyar, abokan tafiya. Shari'a na cin kuɗi da shekaru, shi ya sa ƙungiyoyi ke haɗa kai, wasu lauyoyi su yi aikin kyauta, ƙwararru kuma su shigo a matsayin abokan kotu su ba alƙalai haske. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Jami'o'i da dama ma na da ofishin taimakon shari'a a tsangayar lauyoyi.

Kada mu yaudari kanmu

Ana faɗuwa a kotu, kuma sau da yawa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka riƙa kama 'yan jarida da masu rubutu a soshiyal midiya da shi, an ƙalubalance shi a kotunan cikin gida an sha kaye. Sai a 2020 Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin ra'ayi, ta sake faɗin haka a 2022, sannan a watan Fabrairun 2024 aka gyara sashen. Kusan shekara 9 ke nan daga kafa dokar, kuma ko bayan gyaran ba a daina kama mutane ba.

Ga kuma matsalar ƙin bin umarni. Sashe na 287 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa kowace hukuma aiwatar da hukuncin kotu, amma mun ga yadda aka yi da Sambo Dasuki. Kotun ECOWAS ta ce a sake shi a watan Oktoban 2016, bai fito ba sai Disamban 2019. Kotu ba ta da 'yan sanda nata, da na gwamnatin da ta yanke wa hukunci take dogara.

Wasu kuma na cewa ƙungiyoyin nan neman suna suke, duk abin da ya taso sai su ruga kotu don a gan su a jarida. Akwai ƙamshin gaskiya a wasu lokutan. Ƙara mara tushe na iya jawo mummunan hukunci da zai zame wa na baya ƙarfen ƙafa. Sannan ba kullum gwamnati ce mai laifi ba, wani lokacin tana da hujjarta kuma kotu ta gaskata ta. Amma ko a hakan an ci riba, domin an sa ta fito ta bayyana hujjar a rubuce a gaban alƙali, ba a taron manema labarai ba.

Ina muke a ciki?

Ka sake duba sunayen da na lissafa: SERAP, Media Rights Agenda, LEDAP. Duk a Legas suka samo asali. Ba laifinsu ba ne, aikinsu suke yi, mu ma muna cin moriya. Amma mu da muka fi kowa yawan yaran da ba sa makaranta, mu da aka katse wa layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna a 2021, ya kamata a ce ƙungiyoyinmu na matasa sun ƙware a wannan hanya. Wataƙila kotu ta ce katse layin ya halatta saboda tsaro, wataƙila ta ce a'a. Ko ma dai mene ne, tambayar ta cancanci amsa: wace doka, har tsawon yaushe, kuma wa zai ɗauki asarar mai sana'ar POS?

Na san akwai abin da ke riƙe mu. An raine mu da "a bar wa Allah" da "ba a ja da hukuma". Haƙuri abu ne mai kyau, amma kai ƙara ba rashin kunya ba ne, ba kuma tawaye ba ne. A al'adarmu da addininmu talaka na kai ƙarar mai mulki gaban alƙali. Kuma in aka kwatanta da fita titi, inda muka ga yadda ake rasa rayuka da dukiya, zauren kotu ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Ba sai ka zama lauya ba. In hukuma ta fitar da sanarwar da ta shafe ku, ajiye ainihin takardar da kwanan watanta, kada ka dogara da abin da aka turo maka a guruf. In abu ya faru a gabanka, rubuta rana da lokaci da wuri, ka adana hoton ko bidiyon yadda yake ba tare da ka yi masa kwaskwarima ba. Gwada rubuta takardar neman bayani ko sau ɗaya, shafi guda ce, ka kai a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In kuna da ƙungiyar ci gaban unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai, ku yi mata rajista, ku nemi lauya ɗan unguwa ya zama mai ba ku shawara. In shari'a tana gaban kotu, ku faɗi abin da ya faru a zaman, ku guji zagin alƙali ko yanke hukunci da kanku, don hakan na iya zama raina kotu ya kuma ɓata wa masu ƙara.

Babban aikinmu kuwa yana zuwa ne bayan hukunci. Gwamnati ta fi samun sauƙin yin biris da hukuncin da babu wanda ya san da shi. Mu da muke iya sa magana ta yi tashe cikin awa biyu, mu ne za mu iya fassara hukunci zuwa Hausa, mu yi masa bidiyon minti ɗaya, mu riƙa tambayar minista ko kwamishina duk wata: an aiwatar ko ba a aiwatar ba? Lauya ya yi nasa, saura namu.

Da na ba yayata labarin hukuncin 14 ga Yuli, sai ta ce, "To ni wa zai biya ni cinikin wata bakwai?" Gaskiyarta, babu wanda ya biya ta. Na ce mata da ta ajiye lissafin cinikinta na kafin rufewar da na bayanta, da ita ma tana da abin da za ta miƙa wa lauya. Ta yi dariya ta ce Allah ya kyauta. Amma na lura yanzu tana da littafi, duk odar da ta shigo sai ta rubuta.